Haɗin Bayan Zana

Tun daga bakin soro Mardiyya ta san ba lafiya. Akwatunan lefenta, waɗanda dangin Adam suka kawo da guɗa har maƙwabta na leƙe ta katanga, ga su nan an fito da su an jera a jikin bango, an tamke da igiya kamar kayan da ke jiran mota.

Ta tsaya da jaka a hannu, ƙafarta ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Shigo mana," in ji mahaifinta daga tsakar gida. "Ai ke nake jira."

Malam Abdulwahid magini ne ɗan magini jikan magini. Duk faɗin Haɗejiya, in ka ga ginin ƙasa da ruwa ya kwana a gindinsa bai zauna ba, kada ka ɓata bakinka wajen tambaya, hannun gidansu ne. Mutum ne mai sanyin murya, bai iya ɗaga harshe ba, shi ya sa ma fushinsa ya fi ban tsoro.

Yana zaune kan tabarma a inuwar rumfa, waya a hannunsa. Iya, mahaifiyar Mardiyya, tana rakuɓe a ƙofar ɗaki, idanunta sun yi jawur.

Mardiyya ta durƙusa ta gaishe shi. Bai amsa ba, sai ya danna wayar ya miƙo mata.

Adam ne a bidiyon, mutumin da za ta aura bayan sallah. Yana tsaye a bakin wani kududdufi a Auyo, kusa da wata 'yar katangar gwaji da ya gina a cikin ruwa. Fuskar nan fal fara'a, shi a ganinsa abin arziki yake yi.

"Jama'a, kun ga katangar nan? Ta daɗe a cikin ruwa, ko gezau ba ta yi ba. Abin duk a haɗin gindinta yake. Ba basirata ba ce, haɗin gidan Malam Abdulwahid magini ne na Haɗejiya, Allah ya saka masa da alheri. Ranar Asabar za mu kwaɓa shi a fili a nan Auyo, kowa ya zo ya gani, kowa ya koya, kyauta."

Mardiyya ta mayar masa da wayar.

"Allah ya saka mini da alheri," Baba ya maimaita a hankali. "Kin ji ko? An yi mini fashi da rana tsaka, an kuma bi ni da addu'a. Wa ya faɗa masa?"

Iya ta yi mata ido alamar ta yi shiru. Mardiyya ta gani sarai, amma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce, Baba."

A gidan magina akwai abin da ba a wasa da shi. Makuba, wato ɓawon ɗorawa, da katsi na ramin marina, da toka, kowa ya san su, ba abin ɓoyo ba ne. Amma yadda ake haɗa su, wanne kafin wanne, da irin kwanciyar da kwaɓin zai yi kafin a ɗora shi a gindin gini, wannan na gida ne. In za a yi haɗin sai an kafa zana an kewaye wurin. Lebura yana waje, mai gidan ma yana waje, ko da shi ya biya aikin. Ba kuma mai cire takalmi ya shiga kwaɓi tare da Malam Abdulwahid sai ɗan gida, wanda aka haifa a ciki ko wanda aka bai wa 'ya.

"Kina 'yar mitsitsiya nake shiga da ke bayan zana," in ji Baba. "In ce ruwa, ki miƙo. Ƙanenki Fatihu ya ce shi ba ruwansa da laka, waya zai sayar, ban hana shi ba. Ke kaɗai ce a cikin 'ya'yana kika ga abin da ubana ya nuna mini. Ashe tallarsa za ki kai."

"Wallahi Baba ba talla ba ce." Hawaye suka zubo mata. "Gwaggo Uwa ta Auyo na tuna. Tun ambaliyar bara da ɗakinta ya zauna, ƙanwarka ce fa Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ga damina tana ƙofa..."

"Kada ki sa Uwa a maganar nan." Ya ɗaga mata hannu. "Na aika mata shinkafa, na aika mata mai. Na ce in na sarara zan je in gina mata da hannuna. Ba sai ɗan masu kifi ya koya mini zumunci ba."

Ya miƙe ya gyara hularsa.

"Ba zan miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ni Abdulwahid ba zan ba da 'yata ga wanda ya kwance mini zana ba. Ya fasa taron nan, ya goge sunana, ya zo gabana ya ce ba zai ƙara ɗaga maganar ba har abada, sai a mayar da akwatuna ɗaki. In kuwa Asabar ta yi ya kwaɓa, to su zo su kwashi kayansu."

* * *

Shi dai Adam ɗan Malam Zarami mai kifi ne, kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka gangaro suka zauna a Haɗejiya. Zanen gine-gine ya karanta, ya dawo gida da wani ra'ayi da abokansa suka ce a kai shi a yi masa ruƙiya. Wai shi zai zana gidan da talakan fadama zai iya ginawa da ƙasar bayan gidansa: tushe a ɗage sama da inda ruwa ke kaiwa, bulon ƙasa da ake matsewa da injin hannu, rufin ciki na kachalla, ciyawar nan da ta cinye kogi ta toshe wa manoma hanyar ruwa. Da ya gama zanen bai kulle a durowa ba. Ya saka a intanet, ya buga a takarda ya raba, ya ce kowa ya ɗauka, kowa ya gyara yadda ya dace da garinsu. Sharaɗinsa biyu ne kawai. Abin da ka ƙara kada ka ɓoye, kuma duk wanda ka amfana da iliminsa ka ambaci sunansa.

To sharaɗi na biyun nan ne ya jawo masa. Ya ambaci suna, da zuciya ɗaya, bai tambayi kowa ba.

Mardiyya kuwa kasuwanci ta karanta, kuma ba don ita ba da tuni yunwa ta koya wa Adam hankali. Ranar da ya fara yi mata bayanin aikinsa, ta bar shi ya gama zuba, sannan ta ce, "To Malam mai kyauta, in ka raba zanen, iska za mu ci?" Ita ta zauna ta tsara musu hanya. Zane kyauta ne, amma injin bulo haya ne. Allunan kachalla mata za su yi a sayar. Maƙwabta su haɗa gayya su gina ɗaki ɗaki, yau na wane gobe na wane, mai son a zo a duba masa aiki ya ba da ladan dubawa. Komai ya zauna sai abu ɗaya: gindin gini. Siminti ya fi ƙarfin manomi, ƙasa zalla kuma ruwa na taɓa ta take narkewa. Nan ne Mardiyya ta kwana tana juyi, ta wayi gari ta faɗa wa Adam abin da ta gani a bayan zana. Niyyarta sai an ɗaura aure ta lallaɓa Baba. Ta manta wanda za ta aura ba ya iya ganin alheri ya yi shiru.

* * *

Washegari da hantsi tana wanke-wanke ta ji ƙamshin turare ya riga sallama shigowa. Ba sai an faɗa mata ba, Mustapha ne.

Ɗan abokin Baba ne, yana da gidan bulo da kamfanin gina gidaje a sayar. Ya daɗe yana sonta, ta daɗe tana gaishe shi da ladabi tana wucewa. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Kawai dai duk abin da ya gani sai ya hango shi da farashi a jiki.

Iya ta tasa ta gaba har soro. "Ki je ki gaisa, ba cinye ki zai yi ba."

Yana zaune daf da akwatunan, farar shadda sai ƙyalli take. Ya dubi akwatunan, ya dube ta, ya yi fuskar jaje wadda ba ta kai zuci ba.

"Mardiyya, na ji abin da ya faru, ban ji daɗi ba."

"Na gode, Yaya Mustapha."

"Ni fa ba gaba nake da Adam ba. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, sai dai bai san duniya ba. Ke da kika karanta kasuwanci, a ina aka taɓa raba jari a titi? Ni abin da na kawo wa Baba a fili yake. Unguwa guda zan gina a hanyar Auyo, gidajen da ruwa ba ya ci, a rubuta sunan Baba a babban allo. Haɗin ya zauna sirrin kamfani, zanarsa na nan, mutuncinsa na nan. Ke kuma ki riƙe ofis." Ya ɗan yi murmushi. "Da gidan ma, in Allah ya nufa."

"Wa zai shiga gidajen?"

"Duk mai hali."

"Waɗanda ruwa ke ci ba su da hali, Yaya. Masu hali a kan tudu suke."

"To ai ba ni na rarraba arziki ba."

"Haka ne." Ta ɗago ta dube shi. "Kai gida kake son sayarwa, gida nawa za ka sayar? Mu kuwa ko wane ƙauye a fadamar nan, daga Auyo har Kirikasamma, yana buƙatar bulo da rufi da wanda zai duba masa aiki, bana da baɗi. In haɗin ya fita, aiki ne zai yi yawa, ba ƙarewa zai yi ba. Kuma duk inda aka kwaɓa shi sunan Baba za a kira, ba sai an rubuta a allo ba."

Mustapha ya yi dariya ya kaɗa makullin mota. "Allah ya ba ki baki. Amma ki sani, Baba ya ce in Asabar ta yi, ni zan kai shi Auyo da kaina. Da zanarsa zai je."

Yana fita Iya ta jawo ta ɗaki, ta zaunar da ita a bakin gado, sai kuka.

"Mardiyya, ki rufa mini asiri. An raba goron sa rana, an ga lefe, 'yan'uwana na can suna ɗinkin anko. Me zan ce wa mutane? Laka ce ta raba auren 'yata?"

"Iya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ki kira yaron nan ki ce ya fasa. Yana sonki, ko wuta kika ce ya shiga zai shiga. A ɗaura aure tukuna, daga baya kwa san yadda za ku yi da tsohon."

"In ya rantse wa Baba, ba daga baya, Iya. Adam ba ya tashin magana."

"To sai me? Ke ce uwar mutanen fadama?"

Mardiyya ta kwantar da kai a cinyar mahaifiyarta, ita ma ta fashe da kuka. Tana son Adam, son da ba ta iya misaltawa. Tana kuma son mahaifinta, kuma ta san ta taɓa shi a inda ya fi masa ciwo.

"Iya, na je wajen Gwaggo Uwa bayan ruwa ya janye. Baba bai je ba. Ke ma ba ki je ba. Da kun ga inda take kwana, da ba ki ce mini laka ba."

Iya ta shiga shafa mata kai.

* * *

Da la'asar ta tafi rumfarsu ta bakin kogi, inda injin bulo yake. Mata na gefe suna jera busasshiyar kachalla a cikin katako, da suka gan ta sai hira ta mutu, kowa ta duƙufa kan aikinta. Labari ya riga ta zuwa.

Adam na zaune kan tarin bulo, ya yi zuru-zuru kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Yana ganinta ya miƙe.

"Diyya, na cuce ki."

"Ka cuce ni kam," ta ce. "Da baki ɗaya ka rusa abin da nake lallaɓawa."

"Wallahi girmama shi na yi niyya. A wajenmu ba abin da ya kai cin amana kamar ka ɗauki ilimin mutum ka ɓoye sunansa. Ban taɓa tunanin akwai wanda ambaton sunansa zai zame masa tonon asiri ba."

"To yanzu ka sani."

Ya sunkuyar da kai. "Na yanke shawara. Gobe zan je gaban Baba da baffana. Zan goge bidiyon, zan fasa taron, zan yi masa alkawarin da yake so. Ɗakin Gwaggo kuwa zan san yadda na yi in samo siminti in yi mata tushe. Komai zan iya rasawa, ban da ke."

Abin da duk budurwa ke son ji ke nan, kuma Mardiyya ta ji daɗinsa har cikin ƙashinta. Ta juya baya don kada ya ga hawayenta. Can gabas hadari ya fara haɗa kai, fari-fari tukuna, irin mai yi wa mutane gargaɗi.

"In ka yi wa Gwaggo da siminti, maƙwabciyarta fa? Mai marayun nan da ke kwana a ajin makaranta?"

Ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Mutanen Baturiya da suka ce za su zo a kwalekwale fa? Ka ce musu me? Ku koma, na sami mata?"

"Diyya, ba fa wasa Baba yake ba. Akwatuna na soro."

"Na gan su, ni na tsallake su na fito." Ta juyo, fuska jage-jage da hawaye. "Adam, ranar da ka fara zuwa gidanmu, wallahi ba kyanka na gani ba, takalminka ma a tsinke yake. Abin da na gani mutum ne da ya ce abin da Allah ya sanar da shi ba zai kulle ba. Shi na ce ina so. In ka je gobe ka kulle bakinka saboda ni, to wanda zai zo ɗaurin auren wani ne daban, kuma kullum aka yi ruwa da dare sai mun kasa haɗa ido."

"In kuma Baba ya ƙi har abada?"

Ta share fuska da gefen mayafi. Tambayar da ta hana ta barci ke nan.

"To zan zauna a gidansa in yi masa biyayya, ba zan gudu ba, ba zan kai shi ƙara ba. Amma ba Mustapha, ba wani. Sai ya gaji da ganina."

"Kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Na sani. Ka jiƙa makubarka. Asabar za a kwaɓa."

Da ta koma gida ba ta ɓoye ba. Ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Ranar Asabar zan je Auyo wajen Gwaggo, ina neman izininka."



"Ban taɓa hana ki gaida 'yar'uwata ba," ya ce.

* * *

Asabar da safe unguwar Gwaggo Uwa ta cika. Manoman shinkafa sun jingine baburansu a gindin bishiya, masunta sun zo da wanduna a naɗe, har da magina na ƙauyuka, waɗanda suka zo a ɗarare suna cewa kallo kawai ya kawo su. An haƙa tushen sabon ɗakin Gwaggo an ɗaga shi, bulo na jere, ramin kwaɓi na tsakiyar fili ba abin da ya kare shi.

Mardiyya na tsaye cikin mata, idonta na kan hanya. Adam ya fara bayani.

Sai ga ƙarar babur.

Motar Mustapha ta tsaya tun can bakin titi, don hanyar unguwar taɓo ce, shi kuma ya dubi taɓon ya dubi shaddarsa ya ce zai jira a mota. Malam Abdulwahid ɗan acaɓa ya hau. Ya sauko da sabuwar zana a naɗe a kafaɗa, doguwa, har tana jan ƙasa.

Fili ya yi tsit. Maginan ƙauye suka fara ja da baya, don sun san ma'anar zanar nan. In ya kafa ta, ba mai kunyar da zai leƙa, taro ya watse ke nan.

Adam ya durƙusa. "Barka da zuwa, Baba."

Ko kallonsa bai yi ba. Ya nufi ramin kwaɓi kai tsaye. Mardiyya ta dafa kafaɗar wata mata.

"Lale, lale! Yaya ne? Yaya Abdulwahid?"

Gwaggo Uwa ce ta fito a sunkuye daga wata 'yar bukka da ke gefen filin. Baba ya juya.

Shi a zatonsa bukkar wurin ajiye itace ce. Tsofaffin zanaki ne aka jingina da sanduna, sun yi baƙi sun ruɓe daga ƙasa, an rufa leda a sama an danne da duwatsu. Ta ƙofar ana hango katifa a kan bulo biyu, da buhun shinkafar da ya aiko, an rataye shi da igiya don kada lema ta taɓa. Gwaggo ta rame, tana tari, amma fuskarta cike da murnar ganin ɗan'uwanta.

"Ashe za ka zo! Kullum ina ce musu Yayana aiki ne ya riƙe shi." Sai idonta ya sauka kan abin da ke kafaɗarsa. Ta tafa hannu. "Allahu akbar, har da zana ka riƙo mini? Kai, Allah ya yi maka albarka. Wallahi kamar ka sani, ta gabas ɗin nan ta gama yayi, in iska ta taso har kan katifa take watso mini ƙasa. Wa ya faɗa maka?"

Ba wanda ya yi motsi.

Malam Abdulwahid ya sunkuyar da kai. Ya dubi zanar da ya ɗauko tun daga Haɗejiya don ya kare laka daga idon mutane. Ya dubi wadda ƙanwarsa ta yi sanyi da zafi a bayanta.

"Uwa," ya ce da ƙyar, "a nan kike kwana?"

"To ina zan kwana, Yaya? Ai alhamdulillahi, wasu ko wannan ba su samu ba."

Ya sauke zanar a hankali. Da hannunsa ya warware ta, ya zagaya gabashin bukkar, ya cire ruɓaɓɓiyar ya jefar, ya kafa sabuwar, ya ɗaure ta tamau. Ya daɗe a bayan bukkar fiye da yadda ɗaurin zana ke buƙata. Da ya fito idanunsa sun kaɗa, ba wanda ya nuna ya gani.

Ya taka zuwa bakin ramin. Jama'a suka dare. Ya tsaya yana kallon ƙasar da aka tara, da makubar da ke jiƙe a randa, da fuskokin da suka kewaye shi, waɗanda rabinsu ruwa ya kwana a ɗakinsu bara.

Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Gwaggo. Ya cire takalmi. Ya naɗe wando har gwiwa, ya yi bismillah, ya shiga.

"Ku matso," ya ce wa mutane, murya a dushe. "Na baya ba sa gani."

Aka yi caa, aka matso, maginan da suka ce kallo ya kawo su su ne a sahun gaba.

Adam na nan durƙushe inda aka bar shi, bai san ko tashi zai yi ko zama ba. Baba ya dube shi a karo na farko, kallo mai tsawo, ba fara'a ko kaɗan.

"Kai mai bakin shela."

"Na'am, Baba."

"Ban yafe maka ba tukuna, kada ka ɗauka."

"To, Baba."

"Kuma kwaɓin nan ya fi ƙarfin ƙafar tsoho ɗaya. Cire takalminka."

Adam ya ɗago a firgice. Bai gane ba, shi ba ɗan magina ba ne. Amma Gwaggo Uwa a gidan aka haife ta, ta san wanda ke shiga kwaɓi tare da Yayanta. Ta dafe ƙirji, ta rangaɗa guɗar da sai da tsuntsaye suka tashi daga kan bishiya.

Mardiyya ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba a iya tarewa. Ta cikin hawaye ta ga Adam yana kiciniyar kwance igiyar takalmi, ta ga ya zura ƙafa a laka kusa da ta mahaifinta.

Baba bai waiwayo inda take ba. Ya miƙa hannu gefe kawai, yadda yake yi tun tana 'yar mitsitsiya.

"Mardiyya," ya ce. "Ruwa."

Ta suri bokiti da gudu.